Tarakta, Injin Faskare da Keji Arba'in: Nazarin Yadda Wata Gona Ta Gyara Aikin Itacenta

Yadda gonar take tun farko

Gonar tana da kurmi a gefenta, kimanin mita 800 daga gidajen zama. Da itace ake ɗumama ɗakuna idan sanyi ya shigo, da shi ake dafa ruwa, da shi kuma ake hura wutar rumfar busar da amfanin gona. Abin da suke ƙonawa a shekara ya kai kubik mita 40 na faskararren itace, idan an zuba shi zube ba a jera ba. Kubik mita ɗaya shi ne cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Itacen da aka zuba zube ba ya cika akwatin tam, domin fiye da rabin wurin iska ce tsakanin faskare da faskare; ainihin itacen bai wuce kashi biyu cikin biyar ba. Ɗanyen itace mai tauri kuwa nauyinsa yakan kusa tan ɗaya a kowace cikakkiyar kubik mita. Idan aka lissafa, kowane akwati yana ɗauke da kusan kilo 400, arba'in ɗin kuma tan 16.

Mutum uku ne ke aikin: mai gonar, wanda ya ba shekara sittin baya, da ɗansa, da wani ma'aikaci da ya daɗe tare da su. Kayan aikinsu zarton inji ne, da gatari, da guduma, da baro. Aikin yakan ci musu wata biyu ana yi ana tsayawa, kuma duk shekara mai gonar yakan ƙare shi da ciwon baya mai hana shi sunkuyawa.

Sai suka sayi tsohuwar tarakta mai ƙarfin doki 35, da loda a gabanta da bokiti. Don noma aka saye ta, amma kowa ya sa rai cewa aikin itace zai koma na mako ɗaya ko biyu. Na bi aikin nan shekara uku. Mai gonar mutum ne mai rubuta abubuwa a ɗan littafi, kuma daga littafin nan na ɗauko ma'aunan da ke tafe. Ana ƙirga watannin ne daga ranar da tarakta ta iso.

Wata na 1 zuwa na 2: jan gumagumai da sarƙa

Dabarar farko ita ce wadda kowa zai fara tunawa: a kayar da bishiya, a datse rassanta, a ɗaure gungumen da sarƙa a bayan tarakta, a jawo shi gida. An yi ruwa makonni biyu kafin su fara, ƙasa ba ta gama tsanewa ba.

Kwana uku na farko an ɗaura sarƙar a ƙarfen jan kaya, wanda yake can ƙasa, ƙarƙashin gatarin tayoyin baya. Sai dai kan gungumen yana nitsewa cikin ƙasa kamar garma, yana maƙalewa a saiwa da duwatsu. Ɗan mai gonar ya ga cewa idan aka ɗaga sarƙar sama, kan gungumen zai tashi daga ƙasa. Ya mayar da ita kan maƙalar sama, wato hannun tsakiya na maƙalar baya mai hannu uku. Jan ya yi sauƙi nan take.

A rana ta huɗu, yana hawa wata 'yar gangara, gungumen ya kama wani kututture ya tsaya cak. Tayoyin gaba suka tashi sama. Ma'aikacin, wanda ke tafe a gefe, ya ce sai da ya ga ƙarƙashin inji sarai. Yaron ya taka kuloci, gaban taraktar ya faɗo ƙasa da ƙarfi. Ƙiris ya rage.

Abin da ya faru yana da bayani mai sauƙi. Inji yana murza gatarin baya. Idan tayoyin suka kasa gaba saboda kaya ya riƙe su, ƙarfin nan ba ya ɓacewa. Maimakon tayoyi su juya a ƙarƙashin tarakta, sai tarakta ta juya a kan tayoyin. Idan an ɗaura kaya ƙasa da gatarin, jan yana danna gaba ƙasa. Idan an ɗaura shi sama da gatarin, jan da kansa ne ke ɗaga gaban. Masana tsaron aikin gona sun daɗe suna faɗin cewa tarakta takan kai matsayin da ba ta dawowa cikin kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa ɗaya. Sau da yawa wannan bai isa ƙafa ta kai kan kuloci ba. Maƙalar nan mai hannu uku, wadda Harry Ferguson ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1926 kuma ta yaɗu da taraktar Ford 9N a 1939, an yi ta ne domin garma da makamantanta su zama jiki ɗaya da tarakta. Ba wurin rataya sarƙa ba ne.

Akwai kuma abin da mai gonar bai rubuta a littafinsa ba sai da na tambaye shi: a ranar, ƙarfen kariya da ke bisa kujerar direba a naɗe yake, domin yana bugun rassa, kuma yaron bai ɗaura bel ba. Tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta wannan ƙarfe a kan sababbin taraktoci, saboda yawan manoman da kifewar tarakta ke kashewa. Daga ranar aka miƙe shi, aka sare rassan da ke kan hanya.

Ko ba wannan haɗari, jan gungume a ƙasa ya kawo asara biyu. Ɓawon yana cika da yashi da tsakuwa, kuma babu abin da ke kashe haƙoran sarƙar zarto kamar ƙasa. Sarƙar da a da ake wasawa sau ɗaya bayan an ƙone tankin mai guda, yanzu bayan yanka biyu ko uku ta dakushe. Sannan tayoyi da gumagumai suka haƙa ramuka masu zurfin santimita 30 a hanyar kurmin, ruwan sama na gaba ya bi su ya mai da su kwari.

A rana ta tara aka daina. Suka koma yanka gungumen gunduwa-gunduwa a cikin kurmi, tsawon santimita 40 kowace, su loda a tirela da hannu. Gunduwa mai kaurin santimita 35 takan kusa kilo 40. Haɗarin kifewa ya tafi, ciwon baya ya dawo.

Wata na 3 zuwa na 5: injin faskare a bayan tarakta

Sun sayo injin faskare irin wanda ake maƙalawa a bayan tarakta, yana shan man haidirolik daga famfon taraktar ta tiyo biyu. Kafin nan wani ya ba su shawarar irin mai dunƙulen ƙarfe mai zare, wanda shaf ɗin baya mai juyawa, wato PTO, ke murzawa. Makaniken da ke duba musu tarakta ya hana. Shaf ɗin yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa; idan ya kama hannun riga ko safar hannu, babu lokacin janyewa.

Ta fuskar ƙarfi, injin bai ba su kunya ba. Silindarsa tana da faɗin santimita 10, wato fuskar da mai ke turawa ta kai murabba'in santimita 78 da rabi. Famfon taraktar yana ba da matsi har bar 170, wato kusan kilo 170 a kan kowane murabba'in santimita. Idan aka ninka su, ƙarfin turawa ya haura tan 13. Gunduwar da a da sai an yi mata guduma da ƙarfe rabin sa'a, yanzu tana tsagewa da ƙara ɗaya.

Matsalar saurinsa ce. Silindar tana tafiyar santimita 60. Fitarta tana shan kusan lita 4.7 na mai, komawarta kusan 3.8, jimilla lita 8 da rabi. Famfon taraktar kuwa lita 20 yake turawa a minti, shi ma sai an ɗaga wutar inji. Zuwa da dawowa ɗaya daƙiƙa 25 ke nan. Gunduwa ɗaya tana bukatar tsaga uku zuwa biyar. Mutum biyu suna tsaye suna kallon ƙarfe yana rarrafe. A kan itace mai miƙaƙƙen zare, ɗan mai gonar da gatarinsa ya fi injin sauri, kuma sun gwada sun gani.

Sannan muddin ana faskare, tarakta a ɗaure take. Ba ta zuwa kurmi, ba ta ɗaukar kaya, ba ta noma. Inji mai ƙarfin doki 35 yana ruri wuni guda yana shan dizal, domin aikin da inji mai ƙarfin doki shida zai iya. Man haidirolik ɗin ma yana zafi sosai bayan sa'o'i biyu, sai an dakata ya huce.

Injin yana kwance dab da ƙasa, don haka kowace gunduwa sai an sunkuya an ɗora ta. Faskaren da ya fita ana jefa shi gefe. Idan ya taru, a loda shi da hannu cikin bokitin loda, tarakta ta kai shi bayan rumfa ta juye.

Wata na 5 zuwa na 11: tsibi ɗaya a ƙarƙashin tamfol

A ƙarshen wata na biyar an gama. Tsibin ya kai mita biyu da rabi a tsayi, zaune a kan tsurar ƙasa, a bayan rumfa inda iska ba ta ratsawa. Aka lulluɓe shi da babban tamfol har ƙasa, aka danne gefensa da duwatsu saboda ruwan sama. A da, lokacin gatari da baro, jera itacen suke yi layi-layi a jikin katanga, domin baro ba ya iya yin tsibi. Loda ce ta sa jibgewa ta zama abu mai sauƙi.

Da sanyi ya shigo a wata na sha ɗaya aka yaye tamfol. Cikinsa jiƙe yake da raɓa. Itacen saman ya yi kama da busasshe, amma da aka shiga rabin mita ciki sai ga fumfuna fari da baƙi, da warin ruɓa. Na ƙasa ya sha danshi, gara da ƙwari sun shige shi. A murhu yana tsuwwa, kumfa na fitowa ta bakinsa, hayaƙi ya fi wuta yawa. Cikin mako shida kunkunniya mai danƙo ta toshe bututun hayaƙin ɗaki ɗaya, sai da aka hau aka kankare. Irin wannan danƙon shi ke kamawa da wuta a cikin bututu.

A nan ne mai gonar ya sayi 'yar na'urar auna danshi, mai ƙusoshi biyu da ake cakawa a jikin itace. Da farko ya caka ta a fuskar waje ta faskaren, ta nuna kashi 20 cikin ɗari, ya ce ashe lafiya lau. Makaniken ne ya ce masa ya sake tsaga faskaren ya auna sabuwar fuskar. Sakamakon da ke littafin: saman tsibi 19 zuwa 22, tsakiya 35 zuwa 38, ƙasa ya haura 40.

Ma'aunin da ake nema shi ne kashi 20 ko ƙasa da haka. A Ingila, tun watan Mayu na 2021, doka ta hana sayar wa gidaje itacen da danshinsa ya wuce wannan idan yawansa bai kai kubik mita biyu ba. Ɗanyen itace yakan kai kashi 50 ruwa. Ma'ana, a cikin kilo 100 akwai kilo 50 na ruwa, kuma kafin ya sauko kashi 20 sai kilo 37 da rabi sun fita sun bi iska. A tan 16, tan 6 ke nan na ruwa. Wannan ruwan duka aka rufe a ƙarƙashin tamfol, ba shi da ƙofar fita. Kuma idan aka ƙona shi a haka, wutar sai ta fara tafasa ruwan ta kore shi kafin ta ɗumama kowa. Kilo ɗaya na ɗanyen itace kusan rabin zafin kilo ɗaya na busasshe yake bayarwa.

Suka wargaza tsibin da hannu, suka jera abin da zai ceto a kan sanduna. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ya lalace. Sauran an ƙona shi da haƙuri, kuma kafin sanyi ya wuce sai da suka nemo busasshen itace daga waje, abin da gonar ba ta taɓa yi ba.

Wata na 12: ƙirgen hannu

Wata rana da dare mai gonar ya zauna da ɗansa suka bi faskare ɗaya daga kurmi zuwa murhu, suna ƙirga sau nawa hannun mutum ya ɗaga shi. Daga ƙasa zuwa tirela, ɗaya. Daga tirela zuwa ƙasa, biyu. Zuwa kan injin faskare, uku. Jefawa gefe, huɗu. Cikin bokiti, biyar. Wargaza tsibi da jerawa, shida. Cikin baro, bakwai. Cikin akwatin bakin ƙofa, takwas. Cikin murhu, tara.

Shida na farko da nauyin ɗanye ake yin su: tan 16 sau shida, tan 96. Ukun ƙarshe, ko da itacen ya bushe ya koma tan 10, tan 30 ne. Jimilla tan 126 da aka ɗaga da gadon baya, a shekarar da aka sayi tarakta. Da suka ƙirga na zamanin gatari da baro, sau bakwai suka samu. Mai gonar ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar tara. Shafin da ke biye ba lissafi ba ne, zanen fili ne.

Wata na 13 zuwa na 15: sabon tsari

Abu na farko da suka yi shi ne cire bokiti daga loda, suka sa yatsun ƙarfe biyu irin na ɗaga kaya. Suka jira har ƙasa ta yi tauri kafin su shiga kurmi, kuma suka tsai da hanya ɗaya da ba a kaucewa daga kanta. Maimakon gunduwa, sai a yanka gungume tsawon mita biyu da santimita 40, wato gunduwa shida cif. Loda ta ɗauke shi ta ɗora a tirelar da mai walda ya kafa wa sanduna a gefe, a ɗaure da bel, a tafi. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya kwasar yashi. Gumaguman da suka faɗi a gangara inda tarakta ba za ta shiga ba, sai su bar ta a kan hanya su jawo su da igiyar waya ta winci, wato na'urar da ke naɗe igiya tana jan kaya, suna tsaye nesa da layin igiyar.

A fili, mai walda ya yi musu gadon ƙarfe mai tsayin ƙugu. Loda tana jera gumagumai a kai, a yanka su a nan, gunduwar ta gangara kan wani tebur da ke manne da injin faskare. An ɗaga injin shi ma zuwa tsayin teburin. Gunduwa mai kilo 40 yanzu turawa ake yi, ba ɗagawa ba.

An raba injin faskare da tarakta. Aka sa masa ƙaramin injin fetur mai ƙarfin doki shida da rabi, da tankin mai nasa, da famfo mai mataki biyu. Irin wannan famfo yana tura mai da yawa, kusan lita 42 a minti, muddin silinda tana tafiya ba ta gamu da komai ba. Da ta ci karo da itace mai gardama sai ya rage yawan man ya ƙara matsi. Yawancin tafiyar silinda kuwa a iska take. Sannan ma'aikacin ya lura da abin da kowa ya kalla wata uku bai gani ba: itacen santimita 40 ne, silinda tana komawa 60. Aka sa mata abin tsayarwa a santimita 45. Zuwa da dawowa ya sauko daga daƙiƙa 25 zuwa kusan 9 ko 10. Suka kuma kafa doka ɗaya: wanda ya ɗora itace, shi ke jan liba. Ba a raba aikin nan tsakanin mutum biyu, domin mai liba ba ya ganin inda yatsun ɗan'uwansa suke.

Wurin ajiya kuwa sai da aka yi tuntuɓe sau ɗaya. Sun fara da manyan buhunan nan masu hannu huɗu, domin loda tana ɗaukarsu cikin sauƙi. Saƙarsu a matse take. Bayan mako biyar aka buɗe biyu daga cikin shida da aka cika, fumfuna ya fara. Aka juye su.

Sai suka koma ga kejin ƙarfe da ke kewaye da tankunan roba masu cin lita 1,000. Aka cire robar, aka bar kejin da gindinsa mai kafar shigar yatsun loda. Kowane keji kubik mita ɗaya ne, iska tana ratsa shi ta fuska huɗu da ta ƙasa. Ana ajiye shi a bakin injin faskare, faskare yana fita a jefa shi ciki. Ya cika, tarakta ta ɗauke, ta kawo wani. Sun kuma rage kaurin faskaren zuwa santimita 8 ko 10, domin ruwa ta bakin itace da tsagaggiyar fuska yake fita. Ɓawo riƙe shi yake yi.

Filin shanya ya koma buɗaɗɗen wuri mai rana da iska, aka zuba masa tsakuwa. Aka jera kejin layi biyu-biyu, da tazarar rabin mita tsakanin keji da keji, da hanyar tarakta tsakanin layuka. Saman kawai aka rufe da guntayen kwanon rufi da aka ɗaure da waya. Gefe a buɗe. A jikin kowane keji aka rataya ɗan katako mai ranar cikawa da irin itacen.

Wata na 14: tsoro biyu

A mako na biyu na ɗaukar keji, mai gonar da kansa ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi sama domin ya riƙa hango hanya ta ƙarƙashinsa. Yana karya kwana a wuri mai ɗan karkata, tayar baya ta ɓangaren tudu ta rabu da ƙasa. Ya sauke lodar da sauri, tayar ta koma. Kilo 400 da ɗoriya bai fi ƙarfin lodar ba a takarda, amma nauyin da kamfani ke rubutawa ana auna shi ne kusa da gwiwar loda, kuma yana raguwa gwargwadon yadda kaya ya yi nisa gaba a kan yatsu. Kaya a sama yana ɗaga cibiyar nauyin tarakta, kaya a gaba yana rage nauyin da ke kan tayoyin baya, waɗanda su ne masu birki. Maganin da suka yi: durom mai cin lita 200 da aka cika da kankare, kusan kilo 480, aka rataya a maƙalar baya. Keji kuma ba ya wuce taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa yayin tafiya, a ƙaramar giya.

Na biyun ya faru ne da ma'aikacin. Ya ga mai yana ɗiga daga tiyon injin faskare, ya miƙa hannu zai shafa ya gano inda ya huje, inji yana kunne. Makaniken, wanda ya zo duba famfo, ya riƙe masa hannu. Mai da ke fita ta ƙaramar huda yana iya huda fata tun daga matsin bar 7, wannan kuwa ya haura 170. Raunin yakan yi kama da tsirar allura, amma man da ya shiga yana kashe nama, kuma sai an yi tiyata cikin gaggawa. Da guntun kwali ake neman huda, sannan a kashe inji a saki matsin kafin a taɓa tiyo.

Wata na 23 zuwa na 36: sakamako

An cika keji na arba'in a ƙarshen wata na sha biyar. Kwanakin aiki da ke littafin 13 ne, shekarar da ta gabata kuwa 31, ban da kwanakin wargaza tsibi.

A wata na 23 aka ɗauki faskare uku daga tsakiyar kowane keji, aka tsaga aka auna. Keji 33 sun nuna 16 zuwa 19. Bakwai sun tsaya a 24 zuwa 26, kuma katakon da ke rataye a jikinsu ya nuna dukansu itace ɗaya ne, mafi tauri da nauyi a kurmin. Aka bar su suka ƙara shekara. Keji 33 ɗin sun isa har ƙarshen sanyi, har biyu suka rage. Tarakta tana kawo keji ɗaya ta ajiye a ƙarƙashin baranda, a ɗiba daga nan kai tsaye zuwa murhu. Da aka duba bututun hayaƙi, busasshiyar toka ce kawai mai kakkaɓuwa da buroshi.

Ƙirgen hannu ya sauko uku: turawa kan inji, jefawa cikin keji, da sawa a murhu. Tan 42 a maimakon 126, kuma 16 daga ciki turawa ce a kan tebur. Mai gonar ya yi aikin shekara ta biyu da ta uku bai kwanta ba.

Akwai abubuwan da ba su warware ba. Ramukan da aka haƙa a watan farko har yanzu suna ɗaukar ruwa, duk da an cike su sau biyu. Gunduwa mai ƙulli da marabar rassa tana tsayar da injin, ana ware ta a yanka da zarto. Keji arba'in suna cin fili mai yawa, kuma tsarin itacen shekara biyu yana bukatar ƙarin wasu. Gindin wasu ya fara tsatsa.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina, asarar shekarar farko ba daga taraktar ta zo ba, kuma ba daga ƙarancin kayan aiki ba. An ɗauki tsohon aikin ne gaɓa-gaɓa, aka sa inji a gaɓoɓin da suka fi ba da wahala a ido, wato ja da faskare, aka bar gaɓoɓin da ke tsakaninsu yadda suke, har ma suka ƙaru da biyu. Wahalar itace tana cikin ɗagawa da ajiyewa, kuma ba wanda ya gan ta sai ranar da aka ƙirga ta.

A cikin abubuwa uku da tarakta ta gwada, ɗagawa ce kaɗai ta fi kowa iyawa. Ja ya kusa kashe yaro, ya ɓata hanya da zarto. Faskare ya ɗaure ta a wuri ɗaya saboda famfonta an yi shi ne don ɗaga garma, ba don kai da kawowar silinda wuni guda ba. Da aka ba ta yatsu biyu da nauyi a baya, sai ta ɗauke aikin da ke karya mutane.

Kejin ne na fi ba muhimmanci, domin ya haɗa abu uku da a da aiki uku ne: mazubi, mashanya, da abin ɗauka. Amma da an jera shi a bayan rumfa a matse aka lulluɓe da tamfol, da ruɓar nan za a sake gani. Tan shida na ruwa rana da iska ne ke kwashe su, cikin wata takwas ga yawancin itace, shekara biyu ga mai tauri, kuma babu injin da ke gonar da zai rage wannan lokaci. Abin da injin ya yi shi ne ba su damar gama faskare da wuri, domin watannin su samu.

Ina kuma ganin mai gonar ya yi kuskure ɗaya da har yanzu bai gyara ba: ya bar winci da zarto a hannun mutum ɗaya a kurmi a ranakun da aiki ya yi yawa a gona. Na faɗa masa. Ya ce daga shekara ta huɗu ba mai shiga kurmi shi kaɗai, kuma ya rubuta hakan a shafin farko na sabon littafinsa, tare da odar ƙarin keji goma na itacen shekara biyu.